Maganar Ladidi, Kafin Ki Hau Rediyo

Zongo, Lome.

Autata Bintu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka Sokode lafiya, mota ba ta jijjiga ki da yawa ba, kuma ɗakin da gidan rediyon suka kama miki yana da ruwa da wuta. Babanki na gaishe ki, ya ce ki riƙe sallah a kan lokacinta, kada ki ce aiki. Takardar nan na cusa ta ƙarƙashin ledar dambun nama, don na san nan hannunki zai fara zuwa kafin ko'ina.

Kin san ni, da baki na iya, ba da biro ba. Amma in na ce mu zauna mu yi ta baki, ke ki ɗaga murya ni in ɗaga tawa, maƙwabta su sha kallo kyauta, maganar kuma ta bi iska. Ban ga laifinki ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya sa na zauna na rubuta, ki karanta ba mai katse wani.

Ranar da kike haɗa kaya kin faɗa min wata magana da har yanzu take min yawo a kai. Kin ce yanzu ke ma kin samu makirufo. Kin ce a shirinki na farko za ki ba da labarin wata zabiya ta Zongo da aka taɓa kwantarwa a asibitin masu taɓin hankali, ba za ki kama suna ba, amma duk mai kunne zai gane Ladidi ce. Kuma za ki ɗora shi a waya don ya iso nan. Na ce miki auren 'yarta Maryama watan gobe ne, kika ce ai shi ya sa. Bintu, kin san abin da dangin miji suke yi idan suka ji kalmar hauka a gidan da suke neman aure. Ba sa tambayar yaushe, ba sa tambayar ko an warke. Kayansu suke aikowa a karɓo.

Na san inda ciwon yake. Ke aka riƙa kira 'yar mai mushe a makaranta, ke kika dawo gida kika ce ba za ki ƙara zuwa ba. Kin san labarin da idon yarinya. To bari ki ji shi daga bakin wadda ta goge benci a kotu.

Biki ne a wani gida a unguwar Hanukope, ni na dafa musu shinkafa da miyar naman sa, kamar yadda na saba dafa wa rabin bukukuwan Zongo. Washegari wasu baƙi suka tashi da gudawa, har aka kai wasu tsofaffi asibiti aka yi musu ƙarin ruwa. Wannan gaskiya ne, ban taɓa musun sa ba. Har yau ban san abin da ya ɓata musu ciki ba. Wasu sun ce zoɓon da aka jiƙa da ruwan rijiya ne, wasu sun ce ragowar shinkafar ce da masu gidan suka bari ta kwana cikin zafin nan suka raba da safe. Allah ne masani.

Ladidi a lokacin ita ake ɗauka ta riƙe makirufo a kowane taro, ta yi wa uwar biki kirari a yi mata liƙi. Da ma ba ma ga maciji da ita, don na taɓa ce mata a bainar jama'a ta rage surutu mutane su samu su ci abinci. Sai a wani suna, lasifika na amo har bakin titi, ta ce: "Jama'a, ku riƙa tambaya kafin ku kai loma. Akwai wata mai tukunya a bayan masallaci, mai haƙorin Makka, da take tsinto naman da ba a yi wa bisimilla ba." Aka yi dariya, aka ɗauka a waya, kafin la'asar ya zaga har wajen danginmu na Akara. Cikin masu dafa abincin biki ni kaɗai ke da haƙorin zinare, ni kaɗai ke bayan masallaci. Gidajen da suka riƙe ni suka fara aiko yara cewa an ɗaga biki, sai in ji ƙamshin miyar wata daga gidan a ranar da aka sa tun farko.

Babanki ya ce mu je wajen dattawan unguwa, muka je. Ladidi ta gyara ɗaurin kallabi ta ce ita ba ta kama sunan kowa ba, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Dattawa suka ce in yi haƙuri, habaici ba ya kisa. Ni kuwa a ranar ko haƙurin mai sayar da gishiri ban da shi. Na hau babur ɗin haya, zemijan, daga nan sai ofishin lauya, wata 'yar ƙabilar Mina siririya da muke kira Metir, yadda ake kiran lauyoyi a nan.

Ki saurari wannan da kyau, don da shi kike shirin fakewa. Mu a Zongo mun taso da cewa in ba ka kama suna ba, ba ka yi laifi ba. Da haka iyayenmu suka yi faɗansu a bakin famfo, da haka ake sa wa zani suna don a tsokani maƙwabciya. Ita ma Ladidi da wannan ta shiga kotu tana taƙama. Alƙali bai yi musu da ita ba. Ya sa aka kunna faifan, tafinta ya juya masa zuwa Faransanci, sannan ya riƙa kiran shaidu yana yi wa kowa tambaya guda: da kika ji maganar nan, wa kika gane ana nufi? Kowa ya ce Asabe. Har ƙawar Ladidi da ta kawo don ta tsaya mata, da aka rantsar da ita, ta sunkuyar da kai ta ce Asabe. Metir ta ce min haka doka take, muddin mutane za su gane wanda ake nufi, daidai yake da ka kira sunansa da na ubansa. Don haka "wata zabiya ta Zongo" ba za ta rufe ki ba, 'yata, zabiyoyi nawa gare mu?

Da wannan ƙofa ta rufe, lauyan Ladidi ya buɗe wata. Ya ce abin da ta faɗa gaskiya ne, ai mutane sun kwanta asibiti. A nan na ɗauka shi ke nan an gama da ni. Sai Metir ta miƙe ta ce ba ciwon ciki muka zo ƙara ba. Da Ladidi cewa ta yi an ci abinci a biki kaza an yi gudawa, da ba mu da ta cewa. Ita mushe ta ce, to ta kawo hujjar mushe. Kuma ashe a irin wannan shari'a ba wanda aka ɓata ne zai nuna shi mai tsarki ne ba, wanda ya furta shi zai tabbatar da abin da ya furta, duka, ba rabi ba. Ladidi ba ta da komai sai an ce da an ce. Mu kuwa Baba Ɗanlami mahauci ya zo da sandarsa, ya ce da hannunsa ya yanka san bikin, ya fuskantar da shi alƙibla, kuma ya faɗi mutanen da suke tsaye a wurin. Allah ya jiƙan Baba Ɗanlami, bai karɓi ko kuɗin mota ba.

Za ki ce to ai naki gaskiya ne, kina da wadda ta gani da ido. Bintu, kin ɗauka ke kika fara jin wannan labari? Tun ana tsakiyar shari'ar nan wata tsohuwa ta kawo min shi har gida. Bayan haihuwar Maryama ne abin ya sami Ladidi, irin wanda kan sami wasu mata in sun haihu, ta daina barci, ta daina gane mutane, aka kai ta can wajen gari ta yi wasu watanni, ta warke ta dawo. Wallahi da na ji, ko mayafi ban tsaya gyarawa ba, na tafi wajen Metir ina murna kamar na tsinci zinare. Na ce ga abin da za mu gama da ita. Matar nan ta cire tabarau ta dube ni ta ce:

"Hajiya, ko gaskiya ne, wannan cikin ɗakinta ne. Kotu ba za ta ma ba ki damar kawo hujja a kansa ba. In ya fita daga bakinki a bainar jama'a, ke za ki koma inda take tsaye."

Na fito ina ƙunƙuni, ina cewa wace irin doka ce wannan da take hana mutum faɗin gaskiya. Na kai ƙara wajen babanki, shi kuma da yake ba ya son doguwar magana sai ya ce ai ba sai doka ta faɗa ba, malam ma ya sha faɗa a karatun safe cewa abin da ke jikin mutum in ka faɗa a bayansa gulma ce, in babu shi ƙazafi ne, kuma ba wanda aka ce a yi a cikinsu. A lokacin ban yarda ba. Sai daga baya, da na tuna yadda na yi kwanaki ina kuka ba dalili bayan haihuwar yayanki, na gane ba wani nisa ne tsakanina da gadon asibitin nan ba.

Akwai kuma abin da kika faɗa kina naɗe zannuwa, wai Ladidi ba ta da sunan da za a ɓata, kowa ya san ta da roƙo da ƙarya da shiga sharo ba shanu. Na yi dariya a raina, don kalmar da lauyanta ya faɗa a kaina ke nan. Ya ce wace Asabe? Asabe Barkono? Ya kawo labarin faɗan da na yi da mai tumatir a kasuwar Asigame har kwando ya kife. Ya kawo na ranar da na watsa ruwan wanke-wanke ya taɓa ƙafar maƙwabci. Ya ce matar da duk unguwa ta sani da masifa, wane suna gare ta da za a zubar? Ina zaune a benci ana karanto min halina cikin Faransanci, tafinta yana maimaita min da Hausa kamar ban ji zafin na farko ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba, mai tumatir ɗin ma har yau ba ta gaishe ni.

Alƙali ya ce masifa daban, mushe daban. Mace za ta iya zama mai zafin baki kuma namanta halal ne. Don an san mutum da wani hali, ba a buɗe ƙofa ke nan kowa ya zo ya jibga masa abin da ya ga dama ba. To haka ita ma Ladidi. Roƙonta da ƙaryarta ba su ba ki lasisin taɓa lafiyarta ba, balle ki taɓa Maryama da ba ta taɓa ce miki ko ci kanki ba.

Sai dai kada in yi miki ƙarya, tsohon suna yana da nauyi idan aka zo maganar diyya. Ni na shiga kotu ina lissafin har sabon rufi zan yi wa gidan nan da kuɗin Ladidi. Metir ta ce sai mun nuna asarar da maganar ta jawo. Na bi gidajen da suka fasa ba ni aiki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, amma shi ƙafarsa ba za ta taka kotu ba, kin san mutanenmu. Lauyan Ladidi kuma ya ce tun kafin ta buɗe baki labarin gudawar ya riga ya zaga, wa ya san ko shi ne ya kori masu biki? A ƙarshe alƙali ya ce Ladidi ta ɓata min suna, ya ci ta tara, ni kuma ya ce ta biya ni tamma ɗaya. Tamma ɗaya, Bintu, abin da sai an tara biyar ya zama dala. Ko a hannun masu canji na Asigame ban taɓa ganin kwandalarta ba.

Na fito ina huci. Metir tana ta murna tana cewa mun yi nasara, wai tammar alama ce, kotu ce take cewa ke ke da gaskiya. Ni kuwa abin da na ji a Zongo shi ne sunan Asabe tamma ɗaya ne. Ga kuɗin lauya, ga watannin da na yi ina sintiri maimakon in ɗora tukunya. Ban ce na yi nadamar zuwa ba, don da ban je ba da har yau ana ce min mai mushe a bayan ido. Amma ki sani kotu tana faɗin wanda ya yi ƙarya ne kawai, ba ta bin gida gida ta ce a dawo a ba ki aiki. Kuma in har ni da aka yi wa ƙarya wannan na samu, ki duba abin da zai sami yarinya sabuwar ɗauka da ta ja wa gidan rediyo sammaci a satinta na farko.

Abin da ya dawo da ni kin gan shi da idonki, ko da yake lokacin kina fushi da duniya. Na ce daga yau ba na sayen nama a kasuwa in kai gidan biki. A kawo dabba da ranta, a yanka a ƙofar gidan, mai gida yana tsaye, sannan in ɗora. Da farko mutane suka ce Asabe ta cika fitina. Gida ɗaya ya yarda, sai na biyu. Yau kowace mai tukunya a Zongo haka take yi, har 'yan unguwar Agoe suna aiko mota a ɗauke ni. Da kuɗin tukunyar nan kika yi karatun jaridar da kike taƙama da shi.

Kada ki ɗauka ina cewa ki zama 'yar jarida mai tsoro. Allah ya kiyaye, ba ni na haife ki ba ke nan. In kin ji ana sayar wa talakawa ruɓaɓɓiyar shinkafa, ko wani yana cin haƙƙin marayu, ki faɗa da ƙarfi. Amma ki riƙe hujjarki a hannu kafin ki buɗe baki, ki je ki ji ta bakin wanda ake zargi, ki faɗi iya abin da kika tabbatar, kada ki ƙara gishiri don shiri ya yi daɗi. Metir ta taɓa ce min ɗan jaridar da ya yi haka, ko ya yi kuskure, kotu tana duba kyakkyawar niyyarsa, matuƙar ba shi da wata ƙullalliya da mutumin. Ke kuwa ƙullalliyarki da Ladidi har 'yan zemijan na bakin masallaci sun san ta. Magana zarar bunu ce, ta rediyo kuma ba ki ma san rufin wa za ta faɗa ba.

Yanzu ga abin da ban faɗa miki ba, don ranar kina cika kina batsewa, ba wurin sa magana. Talatar da ta wuce, kin tafi karɓo takardunki, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji sallama. Ladidi ce. Tun daga kotu ba ta taka gidan nan ba, in mun haɗu a biki ita tana can da lasifikarta ni ina nan da muciyata. Ta tsufa, Bintu, muryar nan da take tsaga unguwa ta dushe. Ta cire takalmi tun daga zaure, na ba ta tabarma ta ƙi, ta zauna a kan turmi. Muka gaisa, ta tambayi babanki, ta tambaye ki, ta yi ta kewaye-kewaye har na fara gajiya. Sannan ta ce:

"Asabe, Maryama za a ɗaura wa aure. Ita kaɗai gare ni. Ina so baƙina su ci abin da hankalina zai kwanta da shi, kuma ban san wata tukunya ba sai taki."

Na ci gaba da tsince shinkafata. Ta ce in na ƙi ba za ta ga laifina ba. Ta ce abin da ta faɗa a wancan suna ta san ƙarya ne tun tana faɗa, kuma ta daɗe tana son zuwa, kunya ta hana ta. Wallahi na so in yi mata Asabe Barkono, kalmomin suna nan a bakina tun shekarun nan, na jera su na sake jerawa. Sai na ji kaina ina tambayar ta mutum nawa take sa rai, kuma sa za a yanka ko raguna.

Ki duba min wannan, 'yata. Matar da ta ce ina dafa mushe, ita za ta zuba wa surukanta abincina da hannunta, duk Zongo na kallo. Babu alƙalin da zai iya yanke min irin wannan diyya, kuma ba ni na roƙa ba, da ƙafarta ta kawo. Na amsa mata. Na riga na yi magana da mahauci, na sa a wanke manyan tukwane. In kika saki maganar nan, dangin ango za su janye, Maryama za ta zauna da tabon da ba ita ta jawo ba, ke ki samu sammaci, ni kuma tukunyar da na daɗe ina jiran in ɗora ita za ki kife min da ƙafarki. Kin ce don ni za ki yi. To ni ce nake ce miki na karɓi nawa, ya ishe ni.

Ban isa in riƙe miki baki daga Lome ba, kin girma, makirufo a hannunki yake. Amma na san 'yar da na haifa. Zafinki irin nawa ne, yana tashi kamar wutar kara ya sauka, kuma ban taɓa ganin kin taka wanda yake ƙasa ba. Hankalina a kwance yake.

Allah ya tsare min ke a garin mutane, ya haɗa ki da abokan aiki na gari, ya sa muryarki ta zama alheri ga duk wanda ya ji ta. Allah ya kare ki daga sharrin baki, naki da na wasu. Ki ci abinci, kada ki zauna da shayi da burodi kina ce min kin ƙoshi.

Ladidi ta aiko da ankon bikin, turmi biyu, ɗaya nawa ɗaya naki. Naki yana wajen tela, ya ce awonki na bara ba zai yi ba. Ki nemi izinin kwana uku a wajen aiki, kuma ki turo min sabon awo kafin Juma'a.

Wassalam.

Mamanki,
Asabe